Daga Jidda Sai Alƙahira, Haka Ka Ce

Zuwa ga Alhaji Hammanjoda,
Mai kamfanin shirya tafiyar Umara da tafiye-tafiyen ƙasashen waje,
Unguwar Turaki, Jalingo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Daga Jidda sai Alƙahira, jirgi ɗaya, ba sauka ba canji. Kafin shayin Malam ya huce kun isa. In aka samu matsala ni ne, ki kama ni."

Muryarka ce wannan, Alhaji. Saƙon yana nan cikin wayata, har da tarin da ka yi a tsakiya da kukan akuyar da ke bayanka. Ka ce in kama ka. To, ga ni na zo.

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ina maka fatan lafiya, kuma ba da baki kawai nake wannan fata ba. Ina so ka wayi gari da ƙafafunka biyu garau, domin akwai 'yar tafiya da nake so ka yi kafin Juma'a.

Kai ka san ni, amma saboda masu karatu: sunana Kaltume, matar Malam Ɗahiru na Sintali, tsohon malamin gona, wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci tun kafin ka san ƙofar filin jirgi. Ni malamar labarin ƙasa ce a makarantar sakandare. Aikina koya wa yara karatun taswira, kuma 'yarka ta fari ta zauna a ajina. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na kira ka a waya, na aika maka mutane, na hau benen ofishinka har gwiwoyina sun san kowace matakala. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta a inda mutanen gari za su gani, tunda na lura idonsu kaɗai kake jin kunya.

Na farko, abin da muka zo maka da shi.

Malam ya daɗe yana kukan ciwon baya, muna cewa gajiyar gona ce. Da ƙafarsa ta hagu ta fara ja, aka ɗauki hoto, aka ga ƙari a jikin lakarsa yana danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu. Likitocin nan suka ce aikin ya fi ƙarfin kayan da suke da shi. Muka aika hoton wani asibiti a Alƙahira, likitan can ya duba ya ce zai iya cirewa, ya sa mana rana, ya kuma gargaɗe mu cewa irin wannan ƙari ba ya jira. Malam ya sayar da gonarsa ta hanyar Kona, wadda ya dasa wa mangwaro da hannunsa, muka tura wa asibitin kuɗin aiki.

Sai Malam ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce, "Kaltume, ba a san yadda mutum zai fito daga ɗakin tiyata ba. Ina so in zagaya Ɗakin Allah da ƙafafuna tukuna." Ban ga yadda zan hana shi ba. Saudiyya da Masar maƙwabta ne, ruwa kaɗai ya raba su. Muka tsara mu bi ayarinka na Umara daga Kano zuwa Jidda, idan mun gama ibada mu tsallaka Alƙahira da sauran lokaci a hannu don gwaje-gwajen da ake yi kafin aiki.

Sharaɗi biyu na kafa maka, a gaban Malam, a tsohon shagonka na ƙasa. Na ce jirgin Jidda zuwa Alƙahira ya zama kai tsaye, domin Malam ba ya iya dogon zama. Na kuma ce a ba ni tikitin a hannuna kafin mu bar Jalingo. Ka yi dariya ka ce, "Malama, ai ba jarrabawa muke ba. Tikitin can ya fi sauƙi idan an matso. Kina Makka zan turo miki." Malam ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Kaltume, Alhaji ne fa."

Kai ma ka san nauyin wannan magana a garin nan. A wurinmu, ka tambayi mutumin da kuke haɗa kafaɗa a sahu takardar shaida, daidai yake da ka kira shi ɓarawo a fuskarsa. A kan wannan kunya ka gina kasuwancinka. Da ka ga fuskata ba ta saki ba, muna isa gida ka aiko saƙon da na buɗe wasiƙar nan da shi. Ka kuma ƙara mana shawara kyauta: kada mu wahalar da kanmu da canjin kuɗin waje mai yawa, guzurin abinci ya isa, komai an biya.

Na biyu, abin da ka saya mana.

Malam ya yi ɗawafinsa. Da sanda ya yi shi, a hankali, ina riƙe da gwiwar hannunsa, mutane na wuce mu kamar ruwa na wuce dutse. Sa'ayi kam sai a keke. Amma ɗawafin da ƙafafunsa ya yi, kuma ban taɓa ganin fuskarsa da irin hasken ranar ba. Na faɗi wannan don kada wani ya ce ban gode wa Allah ba.

Kullum ina tambayarka tikiti, kullum kana cewa gobe. Sai ana jibi aikin gwaje-gwaje, ana gobe tafiya, ya iso wayata. Ba tikiti ɗaya ba ne, biyu ne, na kamfanonin jirgi biyu da ba su san juna ba. Na farko zai ɗauke mu daga Jidda ya yi gabas da mu, zuwa wata ƙasa ta uku da ba zan kira sunanta ba don ba ita ta yi mana laifi ba. Na biyu zai ɗauko mu daga can bayan dogon jira, ya sake ƙetare Saudiyyar da muka baro, sannan ya kai mu Masar.

Alhaji, Masar tana yamma da Jidda. Abin da ka yi mana daidai yake da mai son zuwa garin Mutum Biyu daga Jalingo a sa shi a motar Yola, a ce ya yini a tasha, sannan ya dawo ya wuce ta ƙofar gidansa. Da 'yarka ta zana mini wannan hanya a takardar jarrabawa, da na kira ta ofis na tambaye ta ko lafiya.

Na kira ka a take, ranar ka ɗauka. Ka ce, "Duk ɗaya ne, Malama, ɗan yada zango ne. Daga wannan jirgi za a tura Malam a keke zuwa wancan." Ba ni da wani tikiti a hannu, ba ni da lokaci. Muka kama hanyar filin jirgi.

A wurin awon kaya aka tsayar da mu. Ma'aikaciyar ta duba fasfonmu, ta duba tikitin, ta juyo mini da fuskar na'urarta don in gani da idona. Ta yi mini bayani cikin ladabi: tunda tikitin biyu ne na kamfanoni daban, idan mun sauka a ƙasa ta uku dole mu fita ta wurin jami'an shige da fice, mu karɓi kayanmu, mu sake shiga kamar sababbin matafiya. Fita kuwa sai da biza, kuma mai fasfo irin namu tun daga gida yake nemanta. Ba mu da ita. Ba za su ɗauke mu ba. Wannan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Abu ne da duk mai sayar da tikiti ya sani kafin ya rataya allo a ƙofar shagonsa. Ko dai ka sani ka rufe ido saboda wancan ya fi araha, ko kuwa ba ka sani ba kana karɓar amanar marasa lafiya. Ka zaɓi wanda ya fi maka daɗin ji.

A saman kaina akwai allon tashin jirage. Ina tsaye ina karanta Alƙahira, Alƙahira, Alƙahira, jirgi na bin jirgi, kowanne kai tsaye. Na bi kantocin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya. Lokacin cikowar Umara ne, Misirawa na komawa gida, ko'ina a cike. A wuri ɗaya aka ce akwai kujeru biyu a jirgin yamma, na ɓangaren masu hali. Na miƙa katin bankina, na'ura ta ƙi shi, katin naira ne. Kuɗin hannuna na abinci ne, kamar yadda ka ba mu shawara. Ma'aikacin ya ce wakilinmu na gida zai iya saya daga ofishinsa kafin a ɗauke, aikin ɗan lokaci ne.

Na kira ka. Wayarka ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba. Na sake, na sake. Na bar saƙon murya, na rubuta, na roƙe ka da girman Allah. Daga baya aka kashe wayarka gaba ɗaya.

Malam yana kan keken da filin jirgi suka ara mana, ya kasa zama ya kasa miƙewa, zufa na zuba daga goshinsa cikin wannan sanyi na na'ura. Ya ce, "Ya ɗauka?" Na ce a'a. Ya ce, "Wataƙila yana salla."

Ba salla kake ba. Ina riƙe da wayar ina jiran kiranka sai hotuna suka fara shigowa zauren hirar matan unguwa da ke wayata. Walimar buɗe sabon ofishinka na bene ake yi. Ga ka cikin farar shadda da almakashi a hannu kana yanka ƙyalle a bakin matakala. Ga rumfa, ga tukwanen shinkafa, ga mutane na sa albarka. A wani hoton wayarka tana hannunka na hagu. Na ƙara girman hoton na duba da kyau, ita ce.

Kafin la'asar wani ya sayi kujerun.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Kujera ta gaba da na samu labarinta ta faɗa bayan ranar aiki. Asibitin suka rubuto cewa tunda ba mu zo gwaji ba sun ba wani maras lafiya gurbinmu, kuma ban ga laifinsu ba, shi ma ɗan wani ne. Ranar da za su iya sake ba mu ta wuce wa'adin bizarmu ta Masar. Ba mu da abin yi sai komawa masauki mu jira ayarinka, mu biyo su gida.

Ka san hanyar Kano zuwa Jalingo. Ka san abin da ke tsakanin Gombe da Numan. Malam a kwance ya yi ta a bayan mota, kansa a cinyata, kowane rami sai na ji haƙoransa sun haɗu. Mutumin da ya fita gidansa da sanda yana ɗaga wa maƙwabta hannu, maƙwabtan nan ne suka ɗauko shi daga mota a tabarma suka shigar da shi ɗaki.

Amsarka ta iso washegarin ranar filin jirgi, layi biyu: "A yi haƙuri Malama, matsalar na'ura ce. Komai ƙaddara ne." Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Ciwon Malam ƙaddara ne, ban tuhumi kowa a kansa ba. Amma na yi karatun addini daidai gwargwado, a gaban mahaifina da kuma bayansa, ban taɓa cin karo da inda aka ce wanda ya ci amana ya jingina da ƙaddara ya wanku ba. Ba na'ura ce ta jira sai ana gobe tafiya ba. Ba na'ura ce ta kashe waya ta ɗauki almakashi ba.

Na huɗu, zuwanka gidanmu.

A nan ne na gane ba sakaci kaɗai ke damunka ba, kana da dabara. Ba ka zo kai kaɗai ba. Ka zo da Malam Liman da Bappa Umaru, dattijon unguwarmu, mutane biyu da ka san Malam ba zai iya haɗa ido da su ya ce a'a ba. Ka cire takalmi tun daga zaure, ka durƙusa gaban gadonsa. Ni kuwa ina bayan labule, inda matar gida ke tsayawa idan maza sun shigo. Na ji komai. Ka ce ka yi kuskure. Liman ya yi nasiha a kan falalar yafiya, musamman ga wanda bai daɗe da dawowa daga Ɗakin Allah ba. Malam ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira." Aka shafa fatiha.

Ba wanda ya ɗaga murya ya ce, Kaltume, ke fa? Ni da na tura keken. Ni da na yi ta bin kantoci ina roƙon baƙi da Turanci da guntun Larabci.

Kafin hannuwa su sauka daga fuska ka kawo maganar fasfo. Ka ce don ka nuna nadama za ka sabunta mana bizar Masar da kuɗinka, a ba ka fasfo ɗin yau yau ka aika Abuja. Malam ya kira ni ya ce in kawo. Ka san ba zan musa wa mijina a gaban Liman ba, yana kwance, ya gama yafe wa mutum. Na buɗe akwati na ɗauko nawa da nasa, na miƙo ta gefen labule. Hannunka ne ya karɓa. Na gane zoben.

Tun daga ranar ba mu sake ganin su ba.

Na biyar, inda fasfonmu suke.

Da farko ka ce suna hanya. Sannan ka ce suna ofishin jakadanci. Sannan ka ce an yi hutu. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce in karɓo masa takardar shaidar da ake bayarwa idan an miƙa fasfo, ya bi sawu. Na tambaye ka, ka ce tana wurin yaronka na can, shi kuma ya yi tafiya. Idan na hau benenka, sakatariyarka, baiwar Allah, takan kasa kallona, ta ce da Hausarmu ta Jalingo, "Mama, Oga bai zo ba, ka dawo gobe," alhali motarka na ƙasa a inuwa. Ran da na tare ka a gindin matakala ka ce mini, "Malama, ai mun gama da Malam. Ya yafe."

Da na gaji na ce zan kai ƙara wurin hukumar da ke ba ku izinin wannan sana'a. Kwana bai zaga ba sai ga Bappa Umaru a zaurenmu da saƙonka, yana juya hularsa a hannu don shi kansa bai ji daɗin ɗauko shi ba. Ya ce, "Alhaji ya ce in aka bar zancen hukuma, fasfo ba zai kwana ba."

Na gode da wannan saƙo, domin shi ne gaskiya ta farko da ta fito daga wurinka. Fasfon da ke ofishin jakadanci a Abuja ba ya isowa Jalingo kafin dare don wata mata ta yi shiru. Fasfon da zai iya fitowa yau, a Jalingo yake, a aljihun teburinka ko a ƙarƙashin katifarka. Ba ka taɓa aika su ko'ina ba. Ba don biza ka karɓe su ba, ka karɓe su ne don ka riƙe bakina. Ka shigo da Liman gidan maras lafiya ka karɓi yafiya da hannun dama, ka karɓi jingina da na hagu.

Bari in gaya maka abin da kake riƙe da shi, ko ka ɗauka 'yan littattafai ne masu koren bango. Likitan Alƙahira ya sake ba mu rana, a watan gobe. Ya ga sabon hoton, ya rubuto mini ba tare da kwana-kwana ba: muddin akwai sauran ji a ƙafafun, akwai abin da zai ceto. Idan jin ya ɗauke duka, ko ya cire ƙarin, Malam ba zai sake tsayawa ba. Neman biza yana cin makonni. Idan fasfo ba su shiga ofishin jakadanci a mako mai zuwa ba, wannan ranar ma ta tafi.

Shekaranjiya na kai wa Malam ruwan alwala. Na sirka, amma ashe bai sirku ba. Na zuba masa a ƙafar hagu, yana ta ba ni labarin wani manomi da ya sani a Kona, bai ko motsa ba. Sai da na ga fatar ta yi ja na taɓa ruwan da hannuna. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce, "Ba komai, ba zafi." Abin da ya sa na fita tsakar gida na zauna ke nan, don da gaske ba zafin. Ta dama tana ji har yanzu. Kowace safiya nakan tsikare ta da tsinken tsintsiya in ga ya ɗaga gira, sannan in iya karyawa. A zaune yake salla. Kuma har yau, idan waya ta yi ƙara, sai ya ce, "Ko Alhaji ne?"

Ga Malam Liman da Bappa Umaru, iyayena, ina neman afuwarku da na ambace ku. Na san da zuciya ɗaya kuka zo, sulhu kuka nufa. Amma an yi amfani da rawaninku an rufe ɓarna. Malam ya yafe haƙƙinsa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba zan sa baki ba. Abin da ya yafe shi ne abin da ya wuce a Jidda. Bai yafe ƙafarsa ta dama ba, don ranar ba a kai ga tambayarsa ita ba. Fasfo ɗaya kuma sunana ne a ciki da hotona. Ni ba a nemi yafiyata ba, ban kuma bayar ba.

Ga mutanen Jalingo da za su karanta: duk wanda zai fita waje, kuma tafiyarsa ta haɗa da tsallakawa daga wata ƙasa zuwa maƙwabciyarta, ya riƙe tikitin wannan tsallakawa a hannunsa tun yana gida. Ya duba da idonsa cewa tikiti ɗaya ne, daga ina zuwa ina, ko akwai ƙasa ta uku a tsakiya. Wanda bai iya karantawa ba ya kai wa wanda ya iya. Idan aka ce maka "sai kana can zan turo", ka ce ka fasa. A can ba ka da dangi, katinka ba ya aiki, kunyar da ka ji a gida kuma ba ta da wata daraja a gaban mai awon kaya.

Na karanta wa Malam wannan wasiƙa kafin in fitar da ita, don ban taɓa yin abu a bayan idonsa ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya juya fuskarsa bango. Sannan ya ce, "Ki cire inda kika ambaci mahaifinsa. Mutumin kirki ne." Na cire. Sauran bai ce in cire ba.

Ga abin da nake nema.

Fasfonmu biyu, nawa da na Malam Ɗahiru, a hannuna. Ba na son biza daga wurinka, ba na son tikiti, ba na son rakiya. Ƙanena zai kai su Abuja da kansa, tikitin kuma ni zan saya, na riga na koyi yadda ake yi a makarantar da ka sa ni.

Ka kawo su da kanka, ba aike ba, kuma ba tare da wani sharaɗi ba. Maganar hukuma ba ta cikin ciniki. Ko ka kawo ko ba ka kawo ba zan rubuta musu abin da ya faru a Jidda, domin akwai tsofaffi da marasa lafiya da ke shirin bin ayarinka na gaba. Kawowarka za ta sa in rubuta cewa ka mayar da fasfo da aka nema. Rashin kawowarka zai sa in rubuta wani abu daban.

Batun kuɗin tikitin da ka karɓa da wanda ka kashe, ka adana takardunka. Za a zo kansa, amma ba yanzu ba. Yanzu ba ni da lokacin kuɗi.

Wa'adinka kiran sallar Juma'ar nan mai zuwa. Idan ladan ya ɗaga murya fasfo ba su shigo gidana ba, ana sallamewa za ka same mu a gindin benenka. Na riga na yi magana da mai Keke Napep ɗin da zai ɗauke mu, na ari keken marasa lafiya wurin maƙwabta. Zan ajiye Malam a bakin matakalar da ka yanka wa ƙyalle, daidai lokacin da jama'a ke dawowa daga masallaci ta wannan titi. Zan kunna saƙonka da ƙarfi, in sake kunnawa, har kowa ya haddace "jirgi ɗaya, ba sauka ba canji". Wanda ya tambaye ni zan ba shi labari tun daga farko. Daga nan zan wuce ofishin 'yan sanda in shigar da ƙarar riƙe fasfo, safiyar Litinin kuma ina ofishin shige da fice, domin fasfo kayan gwamnati ne, ba jinginar ɗan kasuwa ba. Na tambayi Malam ko zai yarda a fitar da shi haka a gaban mutane. Ya ce, "Ki sa mini farar rigata."

Ba zan sake hawa benenka ba, Alhaji. Na hau ya isa. Malam kuwa ba ya hawa bene yanzu, ka fi kowa sanin dalili. Kai za ka sauko.

Ina roƙon Allah Ya shirye ka, Ya tsare maka lafiyarka, Ya raya maka zuriya. Allah kada Ya nuna wa matarka ranar da za ta tsaya a ƙasar da ba ta san kowa ba, da miji a keke, tana kiran wayar da ba a ɗauka. Allah Ya ba ka ikon sauke amanar da ke hannunka tun tana da amfani ga masu ita. Malam Ɗahiru kuma Allah Ya tashi kafaɗunsa, Ya bar masa ƙafar da ta rage.

Wassalam.

Malama Kaltume Ɗahiru,
Sintali, Jalingo.